Wai banda cin jarabawa, wa ya taɓa cin ko sisi da simfileks?

Ɗalibi_Aji3:
Salamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya amma don Allah kar a ce na raina ilimi. Litinin mai zuwa muna da tes na liniya firogiramin, wato lissafin neman riba mafi tsoka ko kashe kuɗi mafi ƙanƙanta a cikin wasu sharuɗɗa, tun bayan isha'i jiya nake kan tambaya ɗaya ta simfileks, hanyar warware shi ta jan tebur bayan tebur, sau uku ina jan tebur ɗin daga farko kuma sau ukun nan amsa daban-daban yake ba ni, wajen ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta na haƙura na kwanta. Shi ne nake ta tunani, tsakani da Allah banda cin jarabawa akwai wanda ya taɓa cin ko sisi da wannan abin a garin nan? Babana shekara talatin yana sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari, bai taɓa zana giraf ba kuma har yau bai karye ba.

Sarkin_Zolaya:
Hhhh ƙanina haddace ka zuba musu ka fito abinka. Mu ma haka muka yi, yau ko a mafarki ka tambaye ni fibot, lambar nan da ake juya tebur a kanta, ban san unguwarsu ba.

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Amsa uku daban-daban yawanci daga wuri biyu take zuwa. Ko dai wajen zaɓen layin fibot ka haɗa da lamba mai mainos ko sifili a cikin rabawar, alhali masu fulos kaɗai ake rabawa da su a ɗauki mafi ƙanƙanta, ko kuma wata alamar mainos ta zame maka lokacin da kake ɗebe layi daga layi. Turo hoton aikin in duba maka.
Batun Baba kuwa, ai kullum yana yin wannan lissafin, da ka ne kawai yake yi ba da biro ba. Jarinsa yana da iyaka, sito yana da iyakar buhun da zai ɗauka, motar da za ta ɗauko kaya daga Giwa tana da iyaka, shi kuma yana son riba mafi tsoka, to masara nawa, dawa nawa, wake nawa? Tambayar kenan gaba ɗayanta. Idan kayan uku ne kai zai iya, ranar da suka kai hamsin kuma sharuɗɗan suka kai talatin babu kan da zai riƙe. Kuma kar kalmar firogiramin ta ruɗe ka, ba ta kwamfuta ba ce, sojojin Amurka ne suke kiran jadawalin tsara kayan aiki da horo da sufuri da wannan sunan. George Dantzig da ya fito da simfileks a 1947 rundunar sojin samansu yake wa aiki.

TelanTudunWada:
Allah gafarta Malam, tunda ka ce kowa yana yi to bari in kawo nawa mu ga ƙarshen ƙarya. Gab da sallah kaftani iri biyu nake yi. Mai cikakken aiki, wuya da hannu da aljihu, yana cin awa 3 a keken ɗinki da awa 2 a keken aiki, in an cire zare da man janareto da komai ina tsira da kamar dubu 7. Mai ɗan aiki a wuya kawai awa 2 ɗinki, awa 1 aiki, dubu 4. A sati ni da yarona muna samun awa 60 a ɗinki, keken aiki kuwa saboda sai da wuta ba ya wuce awa 36. Ni dai a sanina mai tsadar nake fifitawa. Faɗa mini abin da ban sani ba.

Malam_Lissafi:
Madalla, ka kawo ta a wanke. @Ɗalibi_Aji3 matso kusa. A kira mai cikakken aiki x, ɗayan y. Ɗinki: 3x + 2y kar ya wuce 60. Aiki: 2x + y kar ya wuce 36. Abin da ake son ya yi sama shi ne 7000x + 4000y.
In ka zana layukan biyu za ka sami fili mai kusurwa huɗu, kuma ƙa'idar da komai ya ginu a kanta ita ce amsa mafi kyau tana zaune a ɗaya daga cikin kusurwoyin, ba sai ka bi cikin filin kana lalube ba. Kusurwa ta farko kar ka ɗinka komai, sifili. Ta biyu mai tsada zalla, keken aiki zai tsayar da kai a guda 18, riba 126,000. Ta uku mai araha zalla, guda 30, riba 120,000. Ta huɗu inda layukan suka gamu, 12 da 12, wato 84,000 da 48,000, jimla 132,000.
Ka ga fifita mai tsada da kake yi, a guda 18 awa 54 kawai ka ci a ɗinki, awa 6 yaronka yana zaune yana danna waya.

TelanTudunWada:
Kai! Wallahi zaman nan nasa yana ci mini rai ashe ni na jawo. Amma dubu shida ce fa kawai bambancin Malam.

Uwar_Biyu:
Dubu shida a sati kake cewa kawai? Turo mini ita duk Juma'a in ta yi maka nauyi.

Malam_Lissafi:
Akwai abin da ya fi dubu shidan ma. Ƙara awa ɗaya a keken aiki, 36 ta koma 37, amsar ta koma 14 da 9, riba 134,000. Wato kowace awa ɗaya ta keken aiki darajarta dubu 2 ce a wurinka. Ƙara awa ɗaya a ɗinki kuma, 11 da 14, riba 133,000, dubu 1 kenan. Wannan ɓoyayyen farashin shi ne yake fitowa a layin ƙasa na tebur ɗin ƙarshe a ƙarƙashin ginshiƙan rara, wato na awoyin da ba a ci ba, ɗalibai suna ganinsa su wuce ba su san mene ne ba. Ma'anarsa in maƙwabcinka zai ba ka hayar kekensa na aiki a ƙasa da dubu 2 awa ɗaya, karɓa. Amma awa huɗu kacal, da ka kai 40 ɗinki ne zai zama cikas, ƙarin ba zai ƙara maka ko kwabo ba.

TelanTudunWada:
To amma Malam ka san aikinmu ba haka yake tafiya ba. Mutum ne zai kawo shaddarsa ya ce ga irin wanda yake so, ba ni nake zaɓa ba. Yanzu haka na riga na karɓi masu ɗan aiki guda 16 na wannan satin, cikinsu har da na surukina, in ce masa giraf ya hana?

Injiniya_Kwangila:
Wannan ba matsala ba ce, sharaɗi ne kawai za a ƙara, y kar ya gaza 16. Amma ku lura da abin da zai faru, na buga yanzu ya ba ni x = 9.33, wato kaftani tara da sulusi. Ba wanda zai sa sulusin kaftani ya tafi idi. Abin da kowa zai yi shi ne ya yanke ya ce 9 da 16, riba 127,000. To gwada 8 da 18, ɗinki 24 da 36 awa 60 cif, aiki 34, riba 128,000. Kun ga yankewar ta sa an bar dubu ɗaya a ƙasa. Shi ya sa in abu ba ya rabuwa, kamar mota ko ma'aikaci ko kaftani, akwai reshe na daban da ake kira intija firogiramin, kuma ya fi wuya nesa ba kusa ba. A ƙaramin lissafi irin wannan ba a jin zafin, ranar da ake maganar tirela nawa za a saya za a ji.

Sarkin_Zolaya:
Sulusin kaftanin a ba ni, hula zan yi da shi.

Bazazzagiya:
Ni abin da na ji game da shi Dantzig ɗin, wai makara ya yi zuwa aji ya tarar da tambaya biyu a allo ya ɗauka aikin gida ne, ya je ya warware ashe tambayoyi ne da suka gagari manya, wai daga nan simfileks ya samo asali. Gaskiya ne ko irin labaran WhatsApp ne?

Malam_Lissafi:
Hajiya rabinsa gaskiya ne. Abin ya faru a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1939, a ajin Jerzy Neyman, amma tambayoyin na ilimin ƙididdiga ne, simfileks sai bayan shekara takwas. Kuma a 1939 ɗin nan wani Barashe, Leonid Kantorovich, a Leningrad ya riga ya rubuta irin wannan lissafin saboda masana'antar falankin filawud da ta tambaye shi yadda za ta raba aiki tsakanin injinanta. Aikin nasa ya daɗe bai isa ƙasashen Yamma ba. Shi da Tjalling Koopmans aka ba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975, Dantzig bai samu ba, mutane da yawa a fannin sun ji haushin haka.

Mai_Kaji_Shika:
Na shigo a makare amma bari in ba ɗalibinmu amsa kai tsaye, e ni na ci kuɗi da shi, kuma na yi asara da shi, duka biyun.
Ina da kajin ƙwai 500. Duk mai kiwo ya san abinci ne yake cinye kusan kashi biyu bisa uku na abin da kake kashewa, kaza ɗaya tana cin wajen giram 120 a rana, nawa kenan kilo 60 kullum, buhu biyu da ɗoriya na mai kilo 25. Da na kamfani ya fi ƙarfina sai na koma haɗawa da kaina. Da farko murabba'in Pearson nake yi, wanda ake koya wa kowa: masara furotin ɗinta kamar kashi 9, dusar waken suya da aka tatse wa mai kamar 44, kana son 17, ka ɗebe a giciye ka sami 27 da 8, wato masara kashi 77 suya 23. Yana da sauƙi amma abu ɗaya yake dubawa, furotin, kuma bai san farashi ba, bai san kalsiyam ba wanda mai ƙwai take buƙatar wajen kashi 3 da rabi zuwa 4.
Sai ƙanen matata ya zo hutu ya buɗe mini Excel ya nuna mini Solver. Muka zuba masara, suya, tunkuzar gyaɗa, dusar alkama, garin ƙashi, bawon kawa, kowanne da farashinsa na ranar, muka ce a ba mu kilo 100 mafi araha wanda furotin ba zai gaza 17 ba kalsiyam ma ya cika. Daƙiƙa ɗaya ya fito da haɗi mai arahar da sai da na tashi tsaye. Ashe dusar alkama ya lafta fiye da rabi, tunda tana da araha kuma furotin ɗinta ya kusa 16, mu kuma ba mu saka masa sharaɗin ƙarfin abinci ba balle iyakar harza. Na ga abin ya yi yawa a ido amma na ce ai kwamfuta ta fi ni sani. Cikin kwana goma daga kiret 13 na dawo 9, kajin suna ta ci ba sa ƙoshi, kashi ya cika ɗaki. Sai da na yi wata guda kafin su dawo daidai.

Uwar_Biyu:
Innalillahi. Kiret huɗu kullum? Ni da tuni na kori kwamfutar da ƙanen matar gaba ɗaya.

Mai_Kaji_Shika:
Hhh Hajiya ai laifina ne, abin da na tambaya shi ya ba ni. Daga baya na zauna da wani da ya karanci kiwon dabbobi muka gyara, muka sa ƙarfin abinci kar ya gaza kilokalori 2,600 a kilo, muka sa wa dusa rufi, tunkuza ma muka sa mata iyaka saboda in ta yi fumfuna guba ce, muka kafe gishiri da firimis, wato haɗin bitamin, a ma'auninsu ba a taɓawa. Angurya ma na so in saka don ana samunta da sauƙi ta wajen Funtuwa ya ce in yi hankali tana ɓata kalar gwaiduwa. Yanzu duk ranar da na dawo daga kasuwa farashi kawai nake canzawa in danna. Amfaninsa na gaske shi ne yana gaya mini lokacin da dawa ta fi masara sauƙi har ya kamata in sauya wani kaso, da can sai dai in yi ta kirdado.

Ɗan_Samaru:
Wannan na Mai Kaji shi ne tsohuwar matsalar da aka fara gwada simfileks da ita ma, sai dai ta mutane ce. George Stigler a 1945 ya ɗauki abinci iri 77 da sinadaran gina jiki 9 ya nemi mafi arahar abin da zai riƙe namiji baligi shekara guda, ya lalubo da hannu ya sami dala 39.93 a farashin 1939. A 1947 aka sa mutum tara da injinan lissafi na tebur suka bi hanyar Dantzig, aikin da in mutum ɗaya ne kwana 120 zai ci, suka sami 39.69. Santi 24 kawai ya kuskure. Amma ku ji abincin nasa, garin alkama, madarar gwangwani, kabeji, alayyafo da busasshen wake, kullum har shekara. Ba mai, ba yaji, ba nama.

Bazazzagiya:
Wannan ai horo ne ba abinci ba. Ko a makarantar kwana ana sauya miya.

Alhajin_Hatsi:
Ni duk wannan lissafin naku ina jinku ne kawai. Ku gaya mini wace kwamfuta ce ta san farashin masara na sati mai zuwa? Ka saya da kaka ka ajiye kana jiran bazara, sai a wayi gari an buɗe boda ko an shigo da ta waje farashi ya faɗi warwas. Mutane nawa suka ci bashi suka cika sito suka kwana a ciki. Kasuwa sai Allah.

Injiniya_Kwangila:
Ranka ya daɗe maganarka dutse, kuma nan ne raunin abin yake. Yana ɗauka duk lambobin da ka ba shi tabbatattu ne, kuma yana ɗauka komai a miƙe yake tafiya, wato ribar buhu 100 ita ce ribar buhu ɗaya sau 100. Alhali kai ka san in ka sauke buhu 500 rana ɗaya a kasuwa da kanka za ka karya farashin, in kuma sari ka yi da yawa ana yi maka ragi. Abin da zai iya yi maka shi ne ya ce wannan shawarar tana nan daram matuƙar farashi bai fita daga kaza zuwa kaza ba. Duba kusurwar Tela, ribar mai cikakken aiki ko ta sauka zuwa dubu 6 da ɗari ɗaya ko ta hau zuwa dubu 7 da ɗari tara, 12 da 12 ɗin ce dai amsa. Duba ba ya yi, amma yana nuna maka inda ramin yake.
Inda zai yi maka aiki sosai shi ne sufuri. Kana da kaya a Giwa da Soba da Makarfi, masu saye a Dawanau da Kaduna da nan cikin gari, kowace hanya da kuɗin motarta, daga ina za a kai ina. Tun 1941 Frank Hitchcock ya tsara wannan.

Alhajin_Hatsi:
Ka saka masa kuɗin shingayen hanya da na 'yan dako da direban da zai kashe waya kwana biyu, sannan mu yi magana.

Sarkin_Zolaya:
Alhaji ya kawo sharaɗin da Bature bai hango ba hhhh

Ɗalibi_Aji3:
Na gode ƙwarai jama'a, gaskiya misalin Tela ya buɗe mini kai fiye da duk abin da na karanta. Amma har yanzu rabin tambayata tana nan. Tunda Excel yana yi cikin daƙiƙa, me ya sa za a sa mu jan tebur huɗu biyar da hannu cikin minti talatin, ka yi kuskuren mainos ɗaya maki goma ya tafi? Mai Kaji bai iya fibot ba kuma yana amfana.

Ɗan_Samaru:
Ina bayanka a nan. A ganina an juya abin ne, wata uku ana jan tebur, mako ɗaya ana koyon yadda za a mayar da matsalar gaske ta zama lissafi, alhali can ne wuyar take. Kajin Mai Kaji ba kuskuren fibot ne ya rage musu ƙwai ba. Kuma manyan manhajoji ma ba tebur irin na aji suke ja ba. Tun 1972 Klee da Minty suka ƙera misalin da simfileks sai ya zaga kowace kusurwa kafin ya iso, Khachiyan ya kawo wata hanya a 1979, sannan Karmarkar ɗan Indiya a 1984 ya kawo wadda take ratsawa ta tsakiyar fili maimakon bin gefe.

Malam_Lissafi:
Ban ƙi taka gaba ɗaya ba Ɗan Samaru, amma kar a binne simfileks da ransa, har gobe yana cikin manyan manhajojin kuma a yawancin matsalolin gaske da sauri yake gamawa, misalin Klee da Minty da gangan aka gina shi don a ƙure shi. Dalilin yi da hannu kuwa, ranar da Solver ya ce maka babu amsa, ko ya ce ribarka ba ta da iyaka, wanda ya taɓa jan tebur ya san na farko sharuɗɗansa ne suke karo da juna, na biyu kuma ya manta wani sharaɗi ne. Wanda bai taɓa ba sai ya ce kwamfuta ta lalace. Sau biyar ko shida da hannu ya isa a ganina, ba sau hamsin ba, a nan muka haɗu.

Uwar_Biyu:
Ni tambayata daban ce, ina yin cincin da alkaki da dubulan na biki, fulawa da mai da suga ne suke cinye ni. Wannan Solver ɗin yana waya? Ba ni da laftof.

Injiniya_Kwangila:
Hajiya a Excel na waya ban gan shi ba, na kwamfuta ne, shi ma sai an kunna shi a wajen ƙarin kayan aiki sannan ya fito a ƙarƙashin Data, yana ɗaukar abubuwa har 200. LibreOffice kyauta ne kuma da nasa a ciki. Amma naki kala uku ne, ki auna abin da mudu ɗaya na kowanne yake ci na fulawa da mai da suga da awa nawa a kan wuta, da abin da kike samu, ki turo nan a yi miki.

Uwar_Biyu:
Tab, ni da ido nake zuba mai. Bari in yi na bikin Asabar in auna.

Mai_Kaji_Shika:
Aunawar nan ita ce rabin aikin Hajiya. Ni sai da na fara na gane wani mai injin niƙa da nake kai wa kaya kilo biyu-biyu yake ɓacewa a kowane buhu, tun kafin Solver ya ce komai.

Ɗalibi_Aji3:
@Malam_Lissafi na gano shi! A tebur na biyu na raba 8 da mainos 2 na ɗauke shi a matsayin mafi ƙanƙanta. Na gyara amsar ta fito daidai da ta giraf. Saura Big M, shi kam ko hanyar gidansu ban gane ba.

Malam_Lissafi:
Alhamdu lillahi. Ɗauki na Tela mai sharaɗin y kar ya gaza 16 ka gwada da shi, dole sai ka saka ɗan aro, wato harafin wucin gadi, a wannan layin, M ɗin babbar lamba ce, tarar hukunci mai tsanani da ake ɗora masa don ya fice da wuri. Ka riga ka san amsar 9.33 da 16 ce, in ba ta fito ba ka turo bayan magariba.

TelanTudunWada:
Ku dai yi ta lissafi da shagona kyauta. Na yi wa maƙwabcin nawa maganar hayar keken aiki, ya ce dubu biyu da ɗari biyar awa ɗaya kuma man janareto nawa.

Alhajin_Hatsi:
To ka gani. Shi ma ya iya nasa lissafin.